Ragon Sati Shida

Ranar da na shiga karatun rezo a Parakou, wato haɗa kwamfutoci, na leƙa littafin na yanke hukunci: sati shida ya ishi mai ilimi irina. Har ragon walima na saya, na kai wa Kawu Idi a Djougou ya ajiye cikin tumakinsa.

Shekara biyu na kwashe. Jarrabawa ta kayar da ni sau biyu, a ta uku na kayar da ita. Na shiga gidan Kawu da satifika, ina taku kamar minista.

Ya duba takardar, ya ce, "Madalla, ɗana. Wanne za mu yanka, ragon ko jikansa?"

Har yau in na ce "yanzu zan dawo", sai Kawu ya ce a ƙaro dusa.