Ranar da Kwamfuta Ta Mai da Dutse Baya

Ko na tsufa na manta sunana, ba na jin zan manta da ranar da na so burge iyayen yara a sakandaren da nake koyar da fizis a Isa. An kawo mana kwamfutoci, shugaban makaranta ya ce wanda ya fi iyawa shi za a ba makullin ɗakin. Ni kuwa na yi mako guda a Sakkwato ina koyon wata manhaja da ake rubuta wa lissafi da haruffa ta warware da kanta (na dawo ko gaisuwa ba na amsawa sosai).

Ranar taron iyaye na ɗauko misalin da kowa ya sani: majajjawar korar tsuntsu a gonar gero. Na zuba wa manhajar ƙarfin jifa da kusurwa talatin, na ce ta faɗi inda dutse zai sauka. Amsa ta fito mita goma sha biyu, amma da alamar debewa a gabanta.

Ma'anarta dutsen bayan mai jifa zai sauka. Ashe manhajar ba da digiri take auna kusurwa ba, da wani ma'auni daban mai suna radiyan take yi sai ka gaya mata, ni kuwa ranar da aka koyar da wannan ina kasuwa neman takalmi. Maimakon in ce na yi kuskure, sai na gyara tsayuwa na ce, "Kimiyya ta nuna wani jifan baya yake komawa."

Alhaji Ummaru na Kamarawa, shugaban iyaye, ya sa aka nemo majajjawa, aka fita fili. Ya ɗora dutse ya dube ni.

"Malam, tunda baya za shi, mu za mu tsayawa nan baya. Kai tahi gaba ka tsaya, can babu abin da ka taɓa ka."

Na dubi dutsen, ya kusa dunƙulen hannuna. Ina ji ina gani ƙafafuna suka kai ni bayan shugaban makaranta na laɓe. Wallahi ban san iyaye na iya dariya har su zauna ƙasa ba.

Makulli dai malamin lissafi aka ba. Ni kuma tun ranar, duk amsar da kwamfuta ta ba ni sai na tambayi kaina ko zan yarda in tsaya a gabanta.