Mai Girma Mai Ƙararrawa Zai Tafi Jami'a

A cikin duk ɗaliban da suka taɓa zama a aji shida na sakandaren unguwarmu, ban san wanda ilimi ya dogara da shi kamar ƙanena ba. Ba wai ya fi kowa karatu ba ne. Shi da bakinsa ya ce zuwa na ɗaya ƙaramin buri ne, ya bar wa mabuƙata. Ƙanena shi ne mai buga ƙararrawa. A gida Auta muke ce masa, ɗalibai suna kiransa Agogo, shi kuwa in zai gabatar da kansa ga baƙo sai ya gyara kwalar riga ya ce, "Babban Jami'in Kula da Lokaci."

Ƙararrawar tsohon ƙarfen tayar babbar mota ce, an rataye ta da waya a reshen bishiyar da ke gaban ofishin shugaban makaranta. Amma kada ku faɗi haka a gabansa, domin Na'ura yake ce mata. Abin bugawar kuma guntun rodi ne. Ya naɗe masa mariƙi da robar tayar keke, ya yi masa gida da safar Baba guda ɗaya, wadda har yau Baba yake nemanta.

Sai kun ga tafiyarsa in zai je bugu. Ba ya gudu, domin manya ba sa gudu. Yakan taso daga aji a tsakiyar darasi ba tare da ya nemi izini ba, ya ratsa fili ƙirji a gaba, ya tsaya gaban Na'ura ya dubi gabas ya dubi yamma kamar mai jiran a ɗauke shi hoto. Sannan ya zare rodin daga safa a hankali. Kowane bugu da sunansa. Akwai na taron safe, akwai na canjin darasi, akwai na fita shan iska. Na tashi kuwa, wanda yake kira bugun bankwana, ido a rufe yake yin sa.

In ya gama, 'yan ƙananan azuzuwa kan taru su saurari hikima.

"Ku kuna zaton malamai ne ke koyar da ku," in ji shi. "To wa yake shigar da malami aji? Wa yake fitar da shi? Malamin kimiyya da duk digirinsa, in na ɗaga hannu dole ya haɗiye sauran maganarsa ya kwashi allinsa. Ilimi abu biyu ne kawai: shiga da fita. Abin da ke tsakani ciko ne."

Mutum mai irin wannan baiwa ba zai bar ta a makaranta ba. Ya kawo mana ita gida. Da murfin tukunya da ludayi yake sanar da lokacin cin abinci, ko da kuwa muna zaune a gaban abincin. Wanda ya daɗe a banɗaki sai ya ji bugun gargaɗi a jikin ƙofa. Wata rana Baba yana hira da abokinsa a falo, Auta ya leƙo ya ƙwanƙwasa murfi, ya sanar cewa lokacin baƙi ya ƙare. Baƙon, mutumin kirki, ya miƙe yana laluben takalmi. A ranar ne Umma ta kulle duk murafen gidan a kabad, muka koma rufe tukunya da faranti.

"Wannan gidan ba ya son ci gaba," in ji Auta.

"Wannan gidan yana son kunnensa," in ji Umma. "Je ka ɗauko littafin lissafinka."

A nan matsalar take. Auta ya riga ya sanar da dangi da maƙwabta da mai shagon bakin layi cewa bana zai shiga jami'a ya karanta aikin injiniya. Kowa kuma ya san ba a ɗaukar mutum wannan fanni sai ya ci lissafi a jarrabawar fita. Lissafin Auta kuwa a bakin rami yake tsaye, ƙafa ɗaya a sama. In ya natsu ya yi takardar har ƙarshe zai tsallake da ƙyar. In bai natsu ba, sai maimaita aji shida.

Ni aka ɗora wa aikin natsar da shi. Ban daɗe da gama jami'a ba, ina koyarwa ta wucin gadi a makarantar tasu kafin Allah ya kawo aiki na dindindin. Kullum da yamma mukan zauna a teburin cin abinci da tsofaffin tambayoyi. Wata rana, muna tsakiyar wani lissafi da ya ƙi fita, ya ajiye biro ya jingina.

"Yaya, wa yake buga ƙararrawa a jami'arku? Ina so in san wanda zan karɓa daga hannunsa."

Na ce masa babu ƙararrawa a jami'a. Kowa agogonsa yake dubawa.

Ya dube ni. Sannan ya ɗaga kai ya dubi takardar shaidar digirina da Baba ya sa a firam ya rataye a bango, irin kallon da ake yi wa kayan jabu.

"To ta yaya kuka san kun gama?" Ya girgiza kai cikin tausayi. "Shi ya sa har yanzu ba ki samu aiki ba, Yaya. Kada ki damu. Makon farko da na shiga zan ga shugaban jami'ar. Ƙarfe ɗaya ba zai ishe su ba, wurin da girma. Zan fara da guda a kowace tsangaya, ni kuma in riƙe babbar ta tsakiya."

Na ce ya fara da tambaya ta gaba.

Ana gab da fara jarrabawa shugaban makaranta ya yi sanarwa a taron safe. Ya ce tunda babban ɗakin jarrabawa yana kusa da bishiya, ba za a buga ƙararrawa ba har a gama, don kada a ruɗa masu rubutu. Malaman ƙananan azuzuwa kowa ya duba agogonsa. Sannan ya miƙa hannu, a gaban kowa, ya karɓi rodin tare da safarsa, ya sa a aljihun teburinsa.

Auta ya ɗauki wannan jarrabawa ta rayuwa da dattako. Ya daina cin abincin rana na kwana ɗaya. Yakan wuce ta gaban Na'ura ya shafa ta kamar mai gaida marar lafiya. A gida hannunsa na dama yakan ɗaga da kansa in lokacin bugu ya yi, sai ya kama shi da na hagu ya mayar cinya. Duk da haka ya rubuta takardun farko lafiya. Har na fara barci mai daɗi.

Sai ranar lissafi.

Hukumar jarrabawa ta turo wata jami'a mai sa ido, mace mai tabarau, wadda ba ta ɗaga murya domin ba ta buƙata. Kafin a raba takardu ta karanta doka: duk wanda ya fita daga ɗakin ba da izini ba, ba tare da ɗan rakiya ba, ya fita ke nan. Ni kuma, da yake ƙanena yana ciki, ba a yarda in zagaya tsakanin kujeru ba. Sai aka ajiye ni a bakin ƙofa, ni ce mai tsaron dokar.

Daga inda nake ina hango shi a kujerar jikin taga. Wallahi yana rubutu. Na ga ya juya shafi, na ga ya ɗauki rula ya ja layi. A raina na ce, yaron nan zai tsallake.

Sai lokacin fita shan iska ya yi wa ƙananan azuzuwa, kuma agogunan malamai ba su taɓa yarda da juna ba. Wani aji ya fito da gudu. Na kusa da shi yana ciki, malamarsu tana ta bayani, yaran suna leƙe ta taga kamar fursunoni. Wani ajin ya fito, malaminsu ya duba wuyan hannunsa ya kora su ciki, suka sake fitowa ta ɗaya ƙofar. Mai sayar da biskit ta rasa ko ta buɗe kwalinta ko ta rufe.

Na ga biron Auta ya tsaya. Na ga ya dubi taga, ya dubi takarda, ya sake duban taga. Hannunsa na dama ya fara ɗagawa. Ya kama shi da na hagu. Na shiga yi masa alama da ido, da gira, da haɓa, da duk abin da ke motsi a fuskata, har jami'ar ta tambaye ni ko lafiya.

Ya miƙe. Ya rufe biro, ya ɗauki gwangwanin kayan lissafinsa, ya tako tsakanin kujeru da tafiyar nan tasa ta manya.

"Auta, koma ka zauna," na ce da raɗa. "Don girman Allah. Don Umma."

"Matsa, Yaya. Ƙasa tana rushewa."

Ya bi ta ƙarƙashin hannuna ya wuce.

Da gwangwanin ya fara. Bugu ɗaya ya lotse, kamfas da fensir da abin gogewa suka watse a ƙasa. Bai karaya ba. Ya sunkuya ya ɗauki rabin bulo da ake tokare ƙofar ofis da shi, ya rufe ido, ya ba Na'ura abin da ta daɗe tana jira. Ban taɓa jin ta yi ƙara irin ta ranar ba. Har yanzu in cokali ya faɗi a kicin sai gabana ya yanke.

Dole a yaba masa, domin aikinsa na shekaru bai tafi a banza ba. 'Yan aji shida, waɗanda ya hore su da hannunsa, suna jin ƙarar suka ajiye biro gaba ɗaya suka miƙe tsaye. Wasu suka fara miƙa takardu. Wani ƙato na kujerar baya, wanda dama tambayoyin sun ishe shi, ya yi hamdala da ƙarfi ya nufo ƙofa, rabin ɗakin suka biyo shi. Ni da digirina na tsaya na baza hannu da ƙafa a bakin ƙofa kamar mai tare awaki, ina ihu, "Ba a tashi ba! Ba a tashi ba!" Shugaban makaranta ya fito daga ofis da kofin shayi a hannu, ya manta yana riƙe da shi, ya nuna bishiya da hannun.

Da ƙyar aka mayar da kowa kujerarsa. Ƙura tana lafawa sai ga Mai Girma ya dawo, yana karkaɗe garin bulo daga tafin hannu, fuskarsa cike da natsuwar wanda ya sauke nauyi. Ya tsaya a gabana yana jira in matsa.

Ban matsa ba. Jami'ar tana tsaye a bayana, ina jin numfashinta a wuyana.

"Ranki ya daɗe," ya ce mata ta saman kafaɗata, "ba sai kin gode mini ba. Aikina ne. Yanzu in za a ba ni wuri, akwai sauran tambayoyi da ke jirana."

Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafinta. "Malama, wannan ya nemi izini kafin ya fita?"

Na ce a'a.

"An raka shi?"

Na ce a'a.

Ta mayar da tabarau, ta je ta ɗauke takardarsa daga kan tebur. Auta ya ƙarasa jarrabawar lissafi a zaune a gindin bishiya, yana tsince kamfas daga cikin yashi.

Da sakamako ya fito babu wanda ya yi mamaki. Baba ya dubi Auta ya dube ni, ya tashi ya fita ko hula bai sa ba. Umma ta ce ita dama tun ranar murfin tukunya ta san za a zo nan. Ni kuwa makarantar ta yi mini godiya mai yawa, irin godiyar da ba a sake kiran mutum bayanta. Auta kaɗai ne bai girgiza ba. Ya je shagon bakin layi ya yi wa jama'a bayani.

"Jami'a za ta jira. Na duba na ga makarantar nan ba ta kai matsayin da zan bar ta ba tukuna. Na ƙara mata shekara ɗaya. Ba kowa ne zai iya wannan sadaukarwa ba."

Ranar da aka dawo daga hutu ya goge yunifom har yana ɗaukar ido, ya samo sabon rodi, Baba ya sake rasa safa. Na bi shi don in kwaso sauran littattafaina daga ɗakin malamai. Tun daga nesa muka ga fili cike da ɗalibai a layi, an yi nisa da taron safe. Auta ya ja ya tsaya. Wa ya tara su?

A reshen bishiya babu komai sai guntun waya yana lilo. A saman ƙofar ofis kuwa an kafa wani ɗan farin akwati. Bayan abin da ya faru, shugaban makaranta ya sa an saka ƙararrawar lantarki, mai buga kanta da kanta, ba ta da ƙirji kuma ba ta jawabi. Muna tsaye ta ɗauki ƙara, Auta ya yi tsalle har rodin ya faɗo daga safa.

Sai a lokacin na gane wani abu. Tunda aka ba shi muƙamin nan ba a taɓa rubuta ƙanena cikin masu makara ba, domin safiya ba ta farawa sai ya iso.

Malamin da ke tsaron ƙofa ya nuna shi da bulala. "Kai, Agogo! Yanzu ake zuwa makaranta? Wuce can ka durƙusa."

Babban Jami'in Kula da Lokaci ya buɗe baki zai yi jawabi, malamin ya ce bayan an tashi. Ya durƙusa a layin makararru, tsakanin wasu 'yan aji ɗaya guda biyu, hannaye a sama.