Ranar da Na Dama wa Kifi Koko

Da Yaya Bello zai tafi Kalgo, ya bar mini wankin akwatin gilashin kifayensa na ado, wanda wani farin dabbare ya dusashe. "Ruwan tsami ka fidda shi," in ji shi. Na ce wannan ai ƙaramin aiki ne.

Na ɗebo ruwan tsamin gasara a madafa, na tuttula kofi uku cikin akwatin. Gilashi bai washe ba, kifayen ma suka ɓace cikin fari. Na rasa gane kan abin, sai na ƙara kofi ɗaya.

Yaya ya dawo ya dafe kai. "Lemun tsami nika nufi, a tsumma, bayan an kwashe kifin!"

Biyu suka rayu. Har yau in na shiga gidan, matarsa sai ta ce, "Mai kokon kifi, a kawo ƙosai?"