Kifi da Madara a Satwa

A 2018 ina tuƙa motar wani asibitin maganin gargajiyar Indiya a Bur Dubai. Tsohon likitanmu yana da littafin magani na Sanskirit, tsohon harshensu, baiti ɗaya a sama, sharhi jibge a ƙasa. Na ce masa, "Dokta, ai mu a zauren Kano muka ci sharhi muka ƙoshi."

Ya ji daɗi, ya fara fassara mini: "Kifi da madara duk suna gina jiki, me zai hana a haɗa su?" Nan aka aike ni ɗauko mara lafiya, na fice da ilmina.

Ranar Juma'a na dafa kifi cikin madara a ɗakinmu na unguwar Satwa, na tara mutum biyar. "Hikimar magabata ce, yalla, ku ci."

Alhaji Sabo, babbanmu, ya shinshina. "Malam, ka tabbata?"

"Da kunnena na ji, Alhaji."

Banɗaki ɗaya gare mu. Ranar har layi muka yi.

Lahadi na kai wa Dokta ƙara. Ya yi dariya har ya cire tabarau. "Maganar abokin gardama ka ji. Mai sharhi ita yake fara kawowa, sannan ya rushe ta." Ya juya shafi, ga hani nan ɓaro-ɓaro. Abin haushin, malamanmu ma haka suke yi.

Yanzu duk mun watse, ina kewar ɗakin nan. Amma Alhaji Sabo in ya bugo daga Kano, kafin gaisuwa sai ya ce, "Shehi, an juya shafin kuwa?"