Yadda Na Ga Gombe Daga Sama

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran tunani, da ranar da na tsaya gaban mutanen unguwarmu ta Madaki ina ba su labarin yadda Gombe take daga sama.

Lokacin kuɗin man fetur ne, shekarun nan na bayan yaƙi da kowa ke ganin kamar gobe shi ne gwamna. Masinja ya sayi babur, mai shayi ya sayi rediyo mai kaset. Ni kuwa ina ɗan akawu a wurin awon auduga, da wandona mai faɗin ƙafa wanda in na bi layi ba sai an yi shara ba, ga suma kamar lema. Abu ɗaya ya rage mini a duniya, shi ne Hajara. Mahaifinta, Baffa, Bafulatani ne mai shanu, magana ba ta dame shi ba. An kai masa maganata ya ce zai duba. Shi kuwa Baffa in ya ce zai duba, damina na iya zuwa ta wuce yana nan yana dubawa. Ga kuma wani malamin asibiti da ya fara jingine sabon babur a ƙofar gidan.

Ana nan sai na ga talla a jarida: wata makarantar koyon tuƙin jirgin sama tana neman samari. Kwas iri biyu. Akwai dogo, na shekaru, ka fito matuƙi. Akwai kuma na gaggawa, 'yan watanni kawai, ka fito malamin da ke koya wa matuƙa. Jama'a, tsakani da Allah, ku wanne za ku ɗauka? In yi shekaru ina ɗalibi, alhali ga hanyar da zan shiga yau gobe a ce mini malam? Na zaɓi na gaggawa, har ina tausayin wawayen da za su shiga dogon. (Sai daga baya na ji cewa wannan kwas na waɗanda suka riga suka tsufa a sama ne. Ni a lokacin abu mafi tsawo da na taɓa hawa shi ne motar auduga.)

Takardar neman shiga ko barin gidan waya ba ta yi ba, labari ya kai har unguwar Nasarawo. Aka sa mini suna Malamin Sama. Kullum da yamma a majalisa sai in zaunar da abokai a benci, in ɗauki faifai a matsayin sitiyari, in nuna musu yadda ake shan kwana a cikin gajimare. Hajara ta ce, "Yaya, in ka fara za ka biyo ta saman gidanmu?"

Na ce, "Har hon zan yi miki."

Sai Allah ya kawo jarrabawa da fukafukai. A shekarar nan tsuntsayen jan-baki sun addabi gonakin dawa, aka turo wani ɗan ƙaramin jirgi mai kujera biyu yana zagayawa yana duba inda suke kwana. Ya sauka a filin bayan gari. Unguwa kaf ta kwasa zuwa kallo, ni aka sa a gaba kamar ango. Har Baffa ya zo, sanda a kafaɗa, don dama a gefen filin garkensa yake kiwo.

Matuƙin wani dogo ne mutumin Kaltungo, Kyaftin suke ce masa, fara'a kamar me. Abokaina suka tura ni gabansa suna cewa, "Kyaftin, ga malaminku nan!"

Ya miƙo hannu. "Madalla, malam. Awa nawa ka yi a sama?"

Na ce, "Ai mu ba ma ƙirgawa."

Ya dube ni tun daga suma har ƙafar wando, ya yi murmushi. "To zo mu yi zagaye ɗaya ka ga hannuna, in akwai gyara ka yi mini."

Jama'a suka ɗau tafi. Hajara ta riƙe baki. Wallahi a lokacin murna nake yi, ji nake kamar an naɗa ni sarauta. Na shiga ina ɗaga hannu, aka ɗaure ni da bel.

Sai ya tada inji.

Ƙarar nan ba a kunne na ji ta ba, a hanji na ji ta. Jirgi ya fara gudu yana tsalle, haƙorana suna kiɗa. Na runtse ido, na toshe kunnuwa da yatsu, na kama duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Na ji cikina ya yi sama, na ce shi ke nan mun tashi. Na ji mun karkace, na ce ga kwanar gajimaren nan da nake koyarwa. Kyaftin yana ta taɓa ni yana magana, ni kuwa na rantse ba zan buɗe ido ba sai a ƙasa ko a lahira. Can na ji wani gwaf, sai tsit. Na buɗe ido ɗaya. Ƙasa! Ga jama'a nan inda muka bar su!

Murna ta kama ni. Kafin Kyaftin ya buɗe baki na kwance bel na dira, na buɗe hannuwa.

"Jama'a, Gombe kyakkyawa ce! Kun ga GRA daga sama? Kamar an jera akwatunan ashana! Kasuwa kuwa kamar tururuwa sun samu sukari. Baffa, har gidanka na gani, an shanya barkono a kan rumfa!"

Ba wanda ya yi tafi. Na zaci mamaki ne ya kama su, sai na ƙara wuta. Na ce na hango Kaltungo da duwatsunta, na ce da ba don Kyaftin yana tsoron ƙarewar mai ba da mun leƙa Bauchi. Wani abokina yana ta kashe mini ido, ni ma na kashe masa. Hajara ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa.

Baffa ya sauke sandarsa a hankali, ya nuna ƙarshen fili da ita. Shanu ne farare, sun bazu a kan hanyar jirgi suna tuƙa abinsu.

"Ɗana," in ji shi, "ka yi haƙuri, shanuna ne suka tare muku hanya. Kun je can kun juyo. Ƙafar jirgin nan ba ta bar ƙasa ba." Ya mayar da sandarsa kafaɗa. "Amma barkonon ka yi gaskiya, an shanya."

Irin dariyar da aka yi a filin nan, tsuntsayen da ake nema ma sun tashi. Wani tsoho ya zauna daɓas a ƙasa yana riƙe da ciki. Kyaftin ya jingina da fiffike yana share hawaye, yana cewa, "Malam, to yaya hannun nawa? Akwai gyara?"

Na ɓuya a ɗaki kwana da kwanaki, ko sallah sai an watse nake fita. Hajara kam na cire rai, na bar wa mai babur.

Sai ga Baffa ya aiko wa kawuna cewa ya gama dubawa, a turo. Ashe duk abin da ya hana shi amsawa tsoro ne, kada mai jirgi ya ɗauke masa 'ya zuwa Ikko ko ya bar ta da takaba. Ya ce, "Wannan kuwa na ga alama ko Dukku ba zai kai ta ba."

Haka na auri Hajara, don an tabbatar ni matsoraci ne. Makarantar kuwa ban sake bi ta kanta ba. Abin da na koya ɗaya ne, kuma kyauta nake ba ku: in za ka sheƙa wa mutane ƙaryar abin da ka gani, daure ka buɗe ido tukuna ka ga abin da su suka gani.