Rasuwar Sakatar Ɗakin Ajiya

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki da ɗan guntun kunya, ni malamin lissafi a jami'a nake sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar sakatar ƙofar ɗakin ajiyarmu, wadda ta cika ranar Talata da hantsi, tana da wata goma sha huɗu a bakin aiki.

Marigayiyar ta shigo gidan nan ne makon da annoba ta sa aka rufe jami'a, aka ce kowa ya koyar daga gida. Na kwashe buhuna da tsofaffin tukwane, na shigar da tebur da kwamfuta, na kafa ta da hannuna. Tun ranar ba ta taɓa saɓa mini ba. Ina jan ta za ta ce "ƙaras", shi ke nan, duniya ta koma waje. Ta tare mini kukan jariri. Ta tare 'yata da ke zuwa da littafinta in duba mata jimla. Abinci ma a bakin ƙofa yake hucewa. Aji uku da safe, taron sashe da azahar, ga takardun ɗalibai ɗari huɗu suna jira. Wallahi akwai ranakun da ban ga hasken rana ba. Maiɗakina ta sha yi mini magana ta bayan ƙofa, cewa ciwon kan nan nawa ba na banza ba ne, in je a auna ni. Marigayiyar ta tare wannan ma.

Ba ta yi jinya ba. Ina tsakiyar darasi sai na ga lambobi suna rawa, na sulale daga kujera. Ihun ɗalibai ta cikin kwamfuta ne ya jawo maiɗakina. Ta buga, ta kira, ta sake bugawa. Marigayiyar, baiwar Allah, ta riƙe amana yadda na saba mata, ta ƙi buɗewa. Sai da aka ɗauko guduma. Duka huɗu ta shanye, a na biyar ta faɗi, ƙusoshinta a warwatse. Likita ya ce jinina ne ya hau, kuma da an ƙara minti goma, da sunana ne a saman sanarwar nan.

Ta rasu ta bar ƙofa wadda ba ta rufuwa, da ramukan ƙusa huɗu, da mace mai kumburarren hannu wadda ko ɗigon hawaye ba ta yi mata ba, sai ni da ƙafar hagu mai jan ƙasa. Shugaban sashe ya aiko da saƙon jaje, Allah Ya saka masa, a ƙarshen saƙon ya ce a turo sakamakon jarrabawa kafin Litinin. Likita kuwa hutun wata biyu ya rubuta. Gaskiya tsoro nake ji. In na bi likita ban san ko zan tarar da kujerata ba, in na bi shugaba ban san ko zan kai Litinin ɗin ba.

Za a raka ta makwancinta ranar Asabar bayan la'asar, a kwandon sharar ƙofar gida. Saboda annoba ba a buƙatar taro. Maiɗakina ce mai ɗaukar gawa, ta ce da hannunta za ta jefa. Masu ta'aziyya su kira lambarta, domin wayata ma tana wurinta. Abokin aikin da na aika wa saƙo a ɓoye jiya ya sayo mini sabuwar sakata ya san kansa. Don Allah ya dakata tukuna, ta ga saƙon.