Geron Mai Girma da Tsingaron Iya Mairo

Jama'a, yau tun hantsi har azahar ina tsaye cikin rana a bayan garin Ɗanzomo, ina yi wa gero tafi. E, gero dai na tuwo. Bari in ba ku labarin tun daga tushe, ko raina ya yi sanyi.

Bara ne wani babba, wanda mu talakawa muke kira Mai Girma Uban Iri, Allah ya ja zamaninsa, ya zo mana da sabon irin gero daga kudu, ya ce a gabanmu zai gwada shi. Ina ya zaɓa? Filin da shanun Fulani suka yi rani guda suna zuba taki. Da ruwa ya ɗauke, mu aka sa muna ɗebo na rijiya a tulu muna shayar da shukar kamar mai jego. Gero ya yi kyau, ba ƙarya. A wurin nan ko taɓarya ka shuka sai ta yi zangarniya. Daga nan aka kai mu gonar Ubale da ke kan jigawa, wadda rabonta da taki tun zamanin kakansa, aka ce mu kwatanta da tsohon irin da ya shuka a can. Shi ke nan, gwaji ya ƙare. Bana kowa sabon iri zai shuka, wanda aka kama da tsoho a tuge masa.

Gardama ta kaure a gindin tsamiya. Ilu mai jakai ya ce irin ne mai kyau. Ubale ya ce taki ne. Ni na ce ruwan tulu ne, don har yau wuyana bai koma daidai ba.

Iya Mairo, maƙwabciyata, tana wucewa ta ji mu. Mijinta ya rasu a shekarar yunwa, ya bar ta da 'yar gona guda da jikoki marayu. In gonar nan ta ƙi, ba ta da wurin zuwa.

"Ku dai maza akwai baki," in ji ta. "Duk zato kuke yi. An haɗa abu uku wuri guda, ta yaya za ku san wanda ya yi aikin?"

Na ce, "To, Iya, yaya za a yi?"

"A raba su mana. Ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, noma ɗaya, iri kaɗai ya bambanta. In nasa ya fi wanda na gada wurin uwata, wallahi zan daka nawa in dama muku fura."

Da ruwan shuka ya sauka ta yi jeri ɗaya nasa, jeri ɗaya nata, har ƙarshen gona. Kowane jerin nata ta binne tsingaro a bakinsa don kada ta ruɗe. Ni kam tsoro ya kama ni.

"Iya, in aka gane fa?"

"Wa zai gane? Ka taɓa ganin Mai Girma ya sunkuya?"

Damina ta yi halinta na ƙasar Gumel, ta zo a makare ta tafi da wuri. Sabon iri yana nan yana ta ganye, yana jiran ruwan kudu. Ni yanzu ina da karan da zai yi wa gari duka danga, amma ƙwaya sai dai a gonar Iya Mairo, jerin irinta cike, jerin sabon iri wayam. Raina ya ɓaci, har yau a ɓace yake.

To, labari ya kai wa Mai Girma cewa akwai gonar da ta yi albarka, shi ne yau aka tara mu. Ya dubi zangarniyoyin nan masu nauyi daga kan doki, ya buga ƙirji.

"Kun gani? Wannan shi ne irina! Waɗannan marasa kai kuma fa? Ke tsohuwa, kin cakuɗa da tsohon irinku ko? A tuge su yanzu!"

Iya Mairo ta durƙusa, ta dubi jerin da ake nunawa, ta ga na sabon iri ne. Sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, hukuncinka daidai ne."

Muka tuge masa irinsa tas, da hannu bibbiyu. Ban taɓa yin aikin hukuma da zuciya ɗaya kamar yau ba. Ya kuma ba da umarni baɗi kowa ya kawo wake ko dawa ya yi musayar iri daga jerin da suka rage. Ilu ya buɗe baki zai yi magana, Ubale ya taka masa ƙafa. Muka yi tafi.

Iya Mairo ta tsince tsingaronta ta ƙulle a bakin zane, ta ce baɗi taki za ta gwada. Don Allah kada wanda ya gaya wa Mai Girma, kada mu wayi gari a tara mu cikin rana a ce shi ya ƙirƙiro saniya.